Shekara huɗu ina rubutu da sunan aro, yanzu asiri na shirin tonuwa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 29, 'ya'yana biyu, ina koyarwa a wata firamare. Shekara huɗu ke nan ina rubuta littattafai a waya da wani suna da ba nawa ba. Na gama shida, ana saye, kuɗin kuma ta asusun wata ƙawata suke shigowa. Maigidana bai sani ba, domin ya sha faɗa a gabana cewa marubutan nan su ne ke lalata tarbiyyar mata. Littafin da nake kai yanzu ya fi kowanne karɓuwa, amma gaskiya labarin facalata ne, abin da ya same ta a aurenta na fari, wanda ta ba ni tana kuka. Na canza sunaye da gari. Makon jiya ta turo mini shafi na 23, ta ce, "Kin san mai rubuta wannan?" Na ce ban sani ba. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ga shi kuma wani ya kwashe littafina na biyu yana karantawa a YouTube ba da izinina ba, ba ni da bakin magana. In bayyana kaina ne, ko in ci gaba da ɓuya, ko in ajiye alƙalamin gaba ɗaya?

Mai sunan aro, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki sau uku kafin na ɗauki biro, kuma abin da na lura shi ne kin ɗaure abubuwa uku a ƙulli ɗaya: sunan aro, maigida, da facalarki. Kina tambayata a kan na farkon, alhali na ukun ne ya hana ki barci. Zan bi su a hankali, amma ki yi haƙuri, inda ya kamata in faɗa miki mai ɗaci zan faɗa.

Sunan aro shi kaɗai ba laifi ba ne, kada wani ya sa ki ji kamar kin yi sata. A Masar an yi wata baiwar Allah, Aisha Abdurrahman, haifaffiyar Dimyaɗ a 1913, 'yar malamin addini. Da ta fara rubutu a jaridu ba ta sa sunanta ba, don ta san gidansu ba za su ji daɗin ganin sunan 'yarsu a bakin jama'a ba. Sai ta kira kanta Bintush Shaɗi'i, wato 'yar bakin gaɓa. Da wannan suna ta yi shekaru tana rubutu a jaridar Al-Ahram, ta zama farfesa, ta yi tafsirin Alƙur'ani, aka ba ta kyautar Sarki Faisal a 1994. Da an ce sai da sunanta na yanka za ta fara, wataƙila da ba ta fara ba. A Ingila ma 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, 'ya'yan wani limamin coci mai suna Bronte, sun fitar da littafin waƙoƙinsu a 1846 da sunayen da ba a gane mace ce ko namiji, domin sun san da zarar an ji mata ne za a fara auna su kafin a auna rubutun. A Aljeriya kuwa wani hafsan soja ne ya ari sunan matarsa, Yasmina Khadra, saboda rundunar na son ta riƙa tace abin da yake rubutawa. Sai a 2001, bayan ya ajiye kaki, ya fito ya ce shi ne.

Mu ma nan gida mun san dalilin ɓuya. Duk wanda ya kai shekaruna ya tuna 2007, lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, daga baya hukumar tace finafinai da ɗab'i ta nemi marubuta su yi rajista. Mata da yawa a lokacin sun ji an kira sana'arsu da sunayen da ba sa faɗuwa. Maganar da maigidanki ke yi ba shi ya ƙago ta ba, gadonta ya yi. Saboda haka na fahimci yarinya mai shekara 25 da labari ke cin ranta, ta duba hagu ta duba dama, ta ga hanya ɗaya ce ta rage mata, ta yafa mayafi ta fito. Mayafin nan ya yi miki rana. A ƙarƙashinsa kika koyi rubutu, kika yi kurakuranki ba tare da dangin miji sun mayar da ke abin hira ba. Waɗanda suka sayi littattafanki ba don ke 'yar wane ce ko matar wane suka saya ba, labarin ne ya riƙe su. Marubuta da yawa masu suna a bango ba su taɓa samun wannan tabbacin ba.

To amma ki lura da wani abu a al'adarmu. Tatsuniya ba ta da mai ita. Babu wanda ya taɓa tambayar wa ya ƙirƙiri Gizo da Ƙoƙi, karin magana kuma "Hausawa suka ce" kawai ake cewa a wuce. Babu wanda ya damu, domin Gizo ba shi da dangin da za su ji kunya. Amma ki duba waƙoƙin malamanmu na ajami, na wa'azi da na gargaɗi: sau da yawa a baitocin ƙarshe sai mawaƙi ya faɗi sunansa, da na mahaifinsa, wani har unguwarsu, ya sa ramzin shekara, wato shekarar da ya yi waƙar a dunƙule cikin haruffa. Mutumin da ya tsaya yana faɗa wa jama'a gyara kayanku ya san dole a san inda za a same shi. Malaman hadisi kuma sun fi kowa tsanani. In a cikin isnadi, wato jerin masu ruwaito hadisi, aka sami mutumin da ba a san ko wane ne ba, majhuli, ba a kafa hujja da ruwayarsa. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Abin da na fahimta daga waɗannan biyun shi ne, labarin da kika ƙaga daga kanki ba ya bukatar sunanki, amma maganar da ta shafi mutum mai rai tana bukatar wanda zai amsa ta in an tambaya.

Littattafanki shida na farko irin na Gizo ne. Na bakwai ba haka yake ba. Kin rufe kanki ruf, ita kuma kin bar ta da ɗan kallabi, canjin suna da canjin gari. Duk wanda ya san aurenta na fari, tsohon mijinta, danginsa, ƙawayen da suka raka ta, maƙwabtan gidan, zai karanta ya gane. Ita da kanta ta gane tun a shafi na 23. Ke kina da inda za ki laɓe, ita ba ta da shi. Kuma ban sani ba ko mijinta na yanzu ya san duk abin da ta gaya miki. In bai sani ba, to auren mutane biyu kike wasa da shi, ba ɗaya ba.

Ina so ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: da sunanki na gaskiya ne a saman littafin nan, da sunan mahaifinki a gefe, za ki rubuta shafin? Na san amsar, ke ma kin sani. Ba na cewa ke muguwa ce. Abin da ɓuya ke yi wa ɗan Adam ke nan, a hankali take yi, ba ya ji. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Philip Zimbardo, ya yi gwaji a 1969 da ɗalibai mata. Wasu aka rufe musu fuska da jiki, ba a kiran sunansu, wasu aka liƙa musu sunayensu a ƙirji. Aka ce su danna maɓallin da suka ɗauka yana jan wata mata da lantarki. Masu rufaffiyar fuska sun riƙe maɓallin kusan ninki biyu na lokacin da sauran suka riƙe. Bayan shekara goma wasu masanan suka sake irin gwajin, sai suka ga waɗanda aka sa wa kayan ma'aikatan jinya sun sassauta maimakon su tsananta. Wato rufe fuska ba ya dasa mugunta, sai dai yana cire kunyar ido, daga nan mutum ya bi duk abin da wurin ke kiransa zuwa gare shi. Ke abin da ya kira ki shi ne masu karatu suna ta "a ci gaba, a ƙaro mana", kuɗi na shigowa, ga labari a hannu wanda ya fi duk abin da kika taɓa ƙagawa zafi.

Ni ma na taɓa wannan wuta, shi ya sa nake miki magana haka. Farkon rubutuna a jarida da sunan aro na yi shi. Wata rana wata ma'aikaciya a wani ofis ta wulaƙanta ni, na dawo gida na zazzage fushina a takarda, na siffanta ta yadda duk mai shiga ofishin zai gane ta. Aka buga, aka yi ta yaba mini. Bayan wata biyu na ji cewa a makon da abin ya faru ɗanta na kwance a asibiti, kuma rubutun ya jawo mata takardar gargaɗi. Ba ta san wa ya rubuta ba, don haka ba ta da wanda za ta je ta faɗa wa nata ɓangaren. Wannan ne ya fi damuna har yau: na hana ta ko da damar kare kanta.

A addini ma kada ki yaudari kanki da cewa ai ban ambaci suna ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara giba da ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Imam Gazali da Imam Nawawi duk sun yi bayani cewa giba ba a baki kaɗai take ba, tana shiga rubutu da nuni da habaici, muddin mai ji ya gane wa ake nufi. Gazali ya ce alƙalami ɗaya ne daga harsuna biyu. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa in mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, to maganar amana ce. Ita ba waigawa kawai ta yi ba, kuka ta yi a gabanki. Mala'ikun da aya ta 18 ta Suratu Ƙaf ta ce suna tsare da kowace kalma kuwa, ba da sunan aro suke rubutawa ba.

Yanzu batun ko asirin zai ci gaba da rufuwa. Ba zai rufu ba, 'yata, kuma gara ki gina shawararki a kan haka. A 2013 J.K. Rowling, wadda duniya ta sani, ga kuɗi ga lauyoyi, ta fitar da littafi da sunan namiji. Wata uku kawai aka yi. Wani lauya a kamfanin da ke mata aiki ya gaya wa aminiyar matarsa, ita kuma ta fesa a Twitter, jarida ta sa masana suka gwada salon rubutun a kwamfuta da na littattafanta na baya, ya dace. In wannan ta kasa, ina ga wadda kuɗinta ke bi ta asusun ƙawa? Duk wanda ya tura kuɗi, banki na nuna masa sunan mai asusun. Facalarki ba ta bukatar boka: ta ce za ta sayi littafi, ta ga sunan ƙawarki, shi ke nan. Layin wayar da kike turo shafuka da shi ma haɗe yake da lambar NIN tun da gwamnati ta tilasta hakan daga ƙarshen 2020. Ko ba wannan ba, kowane marubuci yana da tafiyarsa. Kalmomin da kike yawan maimaitawa, karin maganar gidanku, yadda kike siffanta girki, wanda ya zauna da ke shekaru zai ji muryarki a ciki kamar yadda ake gane mutum daga takunsa ko ya rufe fuska. Ni a ganina ba tambaya ta yi miki ba. Ƙofa ta buɗe miki ki shigo da mutuncinki, kika ce ba ki sani ba. Wataƙila ta sake buɗewa sau ɗaya, ba na zaton za ta yi na uku.

Ga abin da nake ba ki shawara. A daren nan ki tsayar da littafin. Ki gaya wa masu karatu cewa wani dalili ya sa ba za ki ƙarasa ba, ki mayar wa waɗanda suka biya kuɗinsu ko ki ba su wani littafin a madadinsa, ki goge shafukan daga duk inda hannunki ya kai, ki roƙi masu kula da zaurukan da ake rabawa su goge. Na san ba duka za su gogu ba, abin da ya shiga waya ya zama zarar bunu, amma rage yaɗuwarsa ma wani abu ne. Za a yi gunaguni, wasu su zage ki. Ki ɗauka, ya fi sauƙi a kan abin da ita take ɗauka.

Daga nan sai maigida, kuma kada ki wuce kwana biyu. Ba don shi aka fi zalunta ba, sai don gidan 'yan'uwansa ne, kuma mafi munin hanyar da zai ji ita ce daga bakin wansa ko ƙanensa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci. Ki gaya masa kina rubutu shekara huɗu, ki faɗi dalilin da ya sa kika ɓoye, wato tsoron maganar da yake yi, ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar da kuma kuɗin da ke shigowa bai sani ba. Ki miƙa masa littafin da kika fi alfahari da shi ya karanta da idonsa, domin maza da yawa masu zagin littattafan nan ba su taɓa gama ko ɗaya ba. Amma ki kula da wannan sosai: sirrinki ne kike da ikon buɗewa, ba nata ba. Iyakar abin da za ki ce shi ne kin yi wa facalarki laifi a wani rubutu kuma za ki je neman gafara. Ko ya matsa, kada ki faɗi abin da ya faru a aurenta. In kin san shi mai zafin hannu ne, ko kina tsoron abin ya kai ga saki, kada ki tunkare shi ke kaɗai. Ki fara samun yayanki ko wani babba da yake jin nauyinsa. Zai iya yin fushi na kwanaki, kuma yana da hujja. Zai iya cewa ki daina. In ya ce haka kada ki yi musu a ranar, ki bar ƙura ta lafa, maganar ci gaba da rubutu ta wata rana ce.

Washegari ki je wurinta da ƙafarki, ba ta waya ba, ba tare da rakiya ba. Ki ce mata ni ce, na yi miki ƙarya ranar da kika tambaye ni, na ci amanarki, na tsayar da littafin. Kada ki ce ai na canza suna, kada ki ce ai don mata su ɗauki darasi na yi. Ranar ba ta kare kai ba ce. Ki gaya mata gaskiyar yawan mutanen da suka karanta da irin wuraren da aka raba shi, don ta san abin da za ta fuskanta. Ki tambaye ta me take so a yi, kuma wa take so ya sani. Kuɗin da littafin ya kawo, in akwai saura bayan kin mayar, ni da ni ce ba zan ci ba. Ki ajiye mata, in ta ƙi karɓa ki yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je mata. Tana iya yafewa nan take, tana iya yin shekara ba ta yi miki magana ba. Duk wanda ta zaɓa haƙƙinta ne, kada ki tura mata mutane su matsa mata.

Batun mai karanta littafinki a YouTube ya fi sauƙi, kuma kina da bakin magana fiye da yadda kike zato. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutun da aka fitar da sunan aro ko ba suna, kuma haƙƙin yana tabbata ne tun daga lokacin da aka rubuta, ba sai an yi rajista ba. Abin da ake bukata shi ne shaidar cewa ke ce. Ki adana rubutun farko da ke cikin wayarki da kwanan watansa, da saƙonnin da kika fara turawa, da bayanan kuɗin da suka shigo. YouTube na da fom na neman a sauke abin da aka sata, sai dai yana neman cikakken sunan mai ƙorafi, kuma wanda ake ƙorafi a kansa yana iya gani. Don haka in ba kya son sunanki ya fita, lauya ko wani wakili da kika ba izini zai iya shigar da shi a madadinki. Kafin nan ma ki fara aika masa saƙo da sunan alƙalaminki. Wasunsu na saukewa ko su nemi a daidaita da zarar sun ga mai abu ya farka.

Kin tambaya ko ki bayyana kanki. Ga duniya, ba dole ba ne, kuma a yanzu ma ban ba ki shawara ba, domin ranar da aka san ke ce, ranar kowa a danginku zai san labarin wa ke cikin littafi na bakwai. Rufe sunanki yanzu ya zama sutura gare ta ita ma. 'Yan matan Bronte ɗin nan, da rikici ya taso a 1848 kan ko mutum ɗaya ne ke rubuta littattafan duka, biyu daga cikinsu suka hau jirgin ƙasa zuwa Landan suka tsaya gaban mai buga wa babbarsu littafi suka ce ga mu, amma jama'a suka ci gaba da saninsu da sunayen aro na wani lokaci. Haka nake so ki yi: waɗanda ke da haƙƙi a kanki su sani, mijinki, facalarki, da wanda zai tsaya miki a kan dukiyar rubutunki. Asusun ƙawar nan kuma ki sallame shi, ki yi mata godiya, kada wata rana rigimar da ba tata ba ta faɗa mata.

Ajiye alƙalami kuwa, a'a. Wadda ta ƙagi littattafai shida daga kanta mutane suka sa kuɗi suka saya ba ta bukatar hawayen kowa don ta yi na takwas. In wani labari na gaske ya sake kama ki, ki je wurin mai shi ki nemi izini, ki nuna masa abin da kika rubuta kafin kowa ya gani. Za ki yi mamakin yawan matan da ke son a faɗi abin da ya same su, in dai su aka tambaya. Ki sake rubuto mini bayan kin je wurinta, ina son in ji yadda kuka yi. Allah ya sanyaya zuciyarta, ya daidaita tsakaninki da maigidanki.